Makulli Na Uku

Litinin, 4 ga wata, da rana tsaka

An buɗe siton gari yau. Mai Walda ne ya yanke kwaɗon Baba, a gaban kowa.

Na yi wanka sau biyu, warin bai bar hancina ba. Rigar da na sa tana cikin bokiti, ba na jin zan sake sa ta.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta abin daki-daki, ko kaina zai bar juyawa.

Shekarar da kamfani ya rufe, banki ma ya kwashe kujerunsa ya bar mana garin, Baba ne ya tara mutane a ajin makarantar firamare. Shi ne mai kula da siton kamfanin tun kafin a haife ni, shi ya sa har gobe Baban Sito ake ce masa. Ya ce kowane gida ya kawo hatsi lokacin da yake araha, mai buhu da buhunsa, mai kwano da kwanonsa, a tara a ɗaki ɗaya. In tsada ta zo a buɗe a raba, wanda ba shi da ko ƙwaya a ba shi aro. Da wannan ɗakin garinmu ya tsallake shekarun da suka watsa garuruwan kusa.

Ƙofar ɗaya ce, amma kwaɗo uku ne a jikinta, don kada wani ya iya buɗewa shi kaɗai. Makulli ɗaya yana hannun Hedimasta, ɗaya yana hannun Gwaggo Mai Sikeli, shugabar matan kasuwa, na ukun yana wajen Baba. Duk wata akan haɗu a buɗe, ɗakin ya sha iska, a duba rufi. Bana tun farkon damina ba a buɗe ba, sai yau da tsada ta kai mutane bango.

Ashe kwanon rufin ya tsage a kusurwar baya. Buhunan sun yi baƙi, wasu sun fashe. Masarar ta tsiro a cikin duhu, dogayen tsiro farare fat. Na taɓa wani buhu na ji shi da zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Layin da ke bakin ƙofa kaɗai ya tsira.

Na zaci za a yi ihu, amma ba wanda ya yi. Matar mai itace, wadda ta zo da buhu biyu a naɗe a hammata da yara a baya, sai kawai ta zauna a ƙasa. Gwaggo ta juyo ta dube ni.

Baba bai je ba. Ya gaji.

Talata, 5 ga wata, da safe

Ban kunna keken ɗinki ba. Ina zaune a gabansa ne kawai.

Cokalin shayi ya sake ɓata.

Laraba, 6 ga wata, da yamma

Matar mai kyamis ta zo, wai gaisuwa. Matar da in ta shigo ɗakin nan sai ta ba ni labarin duk gidajen layinsu kafin ta cire takalmi, yau a tsaye ta gaishe ni. Ta ce yadin da ta kawo, ta canza shawara, ba yanzu za ta ɗinka ba. Na riga na ja alli a jikinsa. Na kakkaɓe, na naɗe mata. Kafin rana ta faɗi mutum uku sun canza shawara. Ban san garin nan yana da masu shawara haka ba.

Ban yi ƙarya ba. Ina so in rubuta wannan. Duk lokacin da Hedimasta ya aiko a kan makulli, ina shiga in tambayi Baba, shi kuma ya dafa aljihun gaban rigarsa ya ce, "Yana nan. Mako mai zuwa." Abin da ya ce shi nake fita in faɗa. Kuma duk garin nan wa zai ce wa Baban Sito a'a? Su ma cewa suke to, Baba ya fi mu sani, su juya.

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Yaya ya kira daga kan hanya, ina jin ƙarar babbar motarsa. Labari ya riga ya kai masa. Bai tambayi ko mun ci abinci ba, abin da ya fara cewa shi ne kada in kuskura in faɗa wa kowa. Wai mutuncin Baba. Wai mutumin da gari yake durƙusa wa ba za mu mai da shi abin nuni da baki ba. Na ce to. Daga kujerar direba komai sauƙi gare shi.

Na sake ɗaga katifa. Na zazzage akwatin ƙarfe, na duba cikin takalma, na sa hannu har cikin tulun ruwa. Wannan shi ne karo na ban san nawa ba.

Da zan ce ya ɓata, da tuni na faɗa. Amma mutumin da ya riƙe siton kamfani duk ƙuruciyarsa ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba, in aka ce makulli ya ɓace masa, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi.

Asabar, 9 ga wata, da yamma

Yau na ji abin da ake cewa. Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta katanga ta faɗa mini, tana yi tana rantsuwa cewa ita ba ta yarda ba, amma dai ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Wai mun daɗe da sayar da mai kyan. Wai ruɓaɓɓe muka sayo da araha muka zuba, muka hana makulli don damina ta rufa mana asiri. Yadda muka buɗe sauran kwaɗo biyun kuwa, wai ai mai sito ya san hanya. Kuma wai an ga ina ɗaukar shatar mota ina kai Baba birni, to ina tela ta samu wannan kuɗin?

Na tsaya da tsintsiya a hannu har ta gaji ta sauka.

Keken aikin ado na sayar, wanda na yi shekara biyu ina tari kafin na saya. Su je su tambayi wanda ya saya. Wurin da muke zuwa a birni kuwa, asibiti ne, dogon benci da jira, sai wani mai farar riga ya ba Baba takarda ya ce ya zana agogo. Na ga abin da ya zana. Na karɓi takardar na yayyaga a hanya.

Ɓarawo. Baba!

Lahadi, 10 ga wata, da sassafe

Ya tashi da fara'a, ya sha shayinsa, ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa. Na ce tana hanya. Bana shekara tara da muka binne ta.

Ya gaji ne kawai.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Hedimasta ya zo da kansa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa gaban Baba kamar yadda ya saba. Ina bayan labule da tire a hannu, ina addu'a, ban ma san me nake roƙo ba.

Sai ga shi yau ranar Baba ce mai kyau. Ya gaishe shi sarai, ya tambayi iyali, ya tambayi yara da karatu, har da tsokanarsa cewa tumbin nan ba na albashin malami ba ne. Hedimasta ya yi dariyar dole. Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce ya zo ne a kan maganar sito.

Baba ya gyara zama ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Komai yana nan lafiya, ni da kaina na duba jiya."

Na ga wuyan Hedimasta ya sandare. Ya ɗago ya dubi Baba, irin kallon da ban taɓa ganin wani ya yi masa ba. Bai sha ruwan da na kawo ba. A ƙofa ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, da Baba ya ce kuskure ne da ya san yadda zai tare mutane, amma a dube shi ido cikin ido a faɗa masa haka, shi kam ba shi da sauran abin cewa.

Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na ce ya gaida gida.

Laraba, 13 ga wata, da safe

An ajiye mana ruɓaɓɓen buhu a ƙofar gida.

Laraba, da rana

Na ja shi zuwa bola ni kaɗai, layin nan kowa yana kallo ta taga. Da na dawo na tarar da Baba a tsakar gida yana shaƙar iska. Ya ce, "Auta, wani ya bar hatsi ya jiƙe. Je ki faɗa musu su ɗaga shi daga ƙasa." Na shiga bayi na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Asabar, 16 ga wata, da yamma

Na fita sayen zare, na dawo ban saya ba.

A kasuwa ba a maganar komai sai ta sito. Kowa cewa yake shi da tara kaya da wani har abada, gara ya sa buhunsa ƙarƙashin gado ɓera ya ci, ya san dai ɓeransa ne. Wani mai tirela daga wani gari ya kafa rumfa a bakin tasha, yana ba da hatsi yanzu, in an yi girbi a mayar masa ninki biyu. Layi har ya zagaya bayan tasha. Na ga matar mai itace a ciki. An ce ɗakin siton ma ya taya.

Abin da Baba ya hana shekara da shekaru ke nan. Cikin kwana goma sha biyu ya dawo.

Ba wanda ya zage ni. Hanya kawai ake ba ni, fiye da yadda nake bukata.

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta aiko. Za a yi taro ranar Asabar a makaranta. Baba ya zo ya yi wa jama'a bayani da bakinsa, in ba haka ba magana ta tafi wajen 'yan sanda.

Na kira Yaya. Ya ce in ɗauke Baba gobe-goben nan in kai shi birni wajen matarsa har ƙura ta lafa. Na ce in muka gudu ai mun amsa ke nan. Ya ce gara a ce ɓarawo da a ce ɗaya abin, ɓarawo ko ba komai da hankalinsa. Haka ya ce, da bakinsa. Na kashe wayar.

Alhamis, 21 ga wata, da rana

Ko wanne na zaɓa, wani abu nake ƙwace masa.

Juma'a, 22 ga wata, da yamma

Na wanke farar rigarsa, na sa mata sitaci, na goge. Na rage masa gashi da almakashin ɗinki, yana ta mita wai telan mata ba ta san kan maza ba. Da na zo sa masa wata rigar ya riƙe aljihun ta jikinsa gam, sai da na juya baya ya mai da abin da ke ciki da kansa. Na san ko mene ne. Na daɗe da sani, tun ranar da na laluba yana barci.

Ban shirya abin da zan ce gobe ba. Ban ma san ko zan iya tashi tsaye ba.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Ban ce komai ba. Ko kalma ɗaya.

Ajin ya cika, wasu a taga, wasu a waje. Da muka shiga ba wanda ya miƙe. Na zaunar da Baba a gaba, na zauna a gefensa. Shi kuwa sai kallon allo yake, da bencuna, da mutane, fuskarsa tana washewa. Ajin nan ne dai na wancan taron.

Hedimasta ya fara magana, yana ta kewaye-kewaye, bai kai ga kalmar ba Baba ya miƙe. Na kama gefen rigarsa, ya zame. Ya tsaya cak, ya fi kowa tsawo, muryarsa ta fito irin wadda na sani ina yarinya.

"Jama'a, na gode da kuka zo. Duk kun ji kamfani ya rufe jiya."

Wani a baya ya yi dariya, sai ya ji shi kaɗai ne, ya yi shiru.

Baba ya ci gaba. Ya ce banki ma an ce zai tashi, to ya tashi, ba a cin kujerar banki. Ya ce ba wanda zai zo daga wani wuri ya ciyar da mu. Ya ce kowa ya kawo abin da yake da shi, mai buhu da buhunsa, mai kwano da kwanonsa. Ya waiga yana neman mai gawayi, wai shi ya yi alkawarin ba da ɗaki. Mai gawayi ya daɗe da rasuwa. Ɗansa yana zaune a layi na biyu, na ga ya sa hannu ya rufe bakinsa.

Ba mai motsi. Matar mai kyamis ta dube ni, na dubi ƙasa.

Ya zo kan makullai. Ya ce ɗaya na Malam, ɗaya na ƙanwarmu mai sikeli. Sannan ya dafa aljihunsa.

"Na ukun kun ce in riƙe, na karɓa. Amma ku ji da kyau. Ranar da kuka ga na tsufa, ku zo ku karɓe shi daga hannuna. Kada ku ji kunyata. Hatsi bai san girman kowa ba."

Sai na ji muryar Gwaggo. "Haka ya ce ranar. Wallahi haka ya ce, ina zaune a nan."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da shi, ya ɗaga sama don na baya su gani. Cokalin shayi ne. Ya riƙe shi ta baki, ya miƙa wa Hedimasta ya ce ya duba, sabo ne, ko tsatsa babu.

Hedimasta ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya jujjuya shi kamar mai dubawa da gaske, ya ce, "Lafiyarsa lau, Baba." Ya mayar masa. Sannan ya juya ya fuskanci allo, ya daɗe a haka.

Da muka tashi fita kowa ya miƙe.

Lahadi, 24 ga wata, da safe

Na faɗa wa Yaya a waya. Can na ji yana jan hanci. Ya ce zai zo ƙarshen wata.

Ba wanda ke cewa ɓarawo yanzu. Na samu abin da nake so, kuma ji nake kamar na tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Tun safe ake sallama. Mutanen da ke zuwa neman shawara wajensa, yau da ƙarfi suke gaishe shi, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar masu magana da yaro. Na tsani wannan muryar. Har gara ranar da suke ba ni hanya.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

Gwaggo ta zo, da yadi a hammata da kwano a rufe. Ta jefa yadin kan keke ta ce in auna ta, kuma kada in ce ta ƙara ƙiba. Ina aunawa, tana kallon bango, ta ce wata huɗu tana ganin Baba yana kiranta da sunan yayarta, ta ce wa kanta ai tsokana ce. Ta ce Hedimasta ma ya ga nasa, kowa ya ga nasa. Ba ta tambaye ni don me na yi shiru ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Kwanon wake ne. Na ce mata muna da abinci. Ta harare ni ta ce wa ya ce nawa ne? Na sito ne. Baban Sito ya ce mai kwano da kwanonsa, ita kuma bana kwano gare ta.

Ta ce Mai Walda ya hau ya canza kwanon rufin bai karɓi ko sisi ba. Layin da ya tsira an raba wa masu ƙananan yara. Ba zai kai ko'ina ba, rumfar mai tirela tana nan, layinta ma yana nan. Amma an fasa sayar masa da ɗakin. Daga yanzu duk Laraba za a buɗe, ko da abu a ciki ko babu, kuma makulli ba zai wuce shekara a hannun mutum ɗaya ba. Na ukun wai ni za a ba. Na ce ba na so. Ta ce ba tambayata ta zo yi ba.

Laraba, 4 ga sabon wata, da hantsi

Na so in fita ban tashe shi ba, sai na tarar da shi a ƙofa ya riga ni shiri, hula a kai. Ya ce yau ranar duba sito ce, ina zan je ba shi?

Mutane sun taru, ba su da yawa, wasu da kwano, mutum biyu da rabin buhu. Hedimasta ya buɗe nasa. Gwaggo ta buɗe nata. Na sa hannu a jaka zan fito da nawa, sai Baba ya wuce ni, ya tsaya gaban sabon kwaɗon, ya fito da cokalinsa.

Na yi niyyar riƙe shi. Gwaggo ta dafa hannuna.

Ya daɗe yana gwadawa. Rana tana dukan mutane, kaya a kansu, ba wanda ya sauke, ba wanda ya yi tari. Can ya ja da baya yana goge goshi, ya ce kwaɗon nan yana son mai.

"Auta, zo ki gwada. Hannunki ya fi nawa ƙarfi."

Na matsa na kare da jikina, na sa makullin, ya buɗe. Ya ce yauwa, ai ya san sai da dabara. Ya karɓi cokalinsa ya mayar aljihu, ya dafa, sannan ya juya ya ce wa mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya, kuma kada wanda ya ajiye masa buhu a ƙasa.